Zaman Asabar a Nima: yadda aikin taimaka wa masu neman aiki yake tafiya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka buɗe zaman. Malamin wata makarantar Islamiyya da ke bayan kasuwar Nima, a Accra, babban birnin Gana, ya ba mu aron aji ɗaya, daga bayan La'asar zuwa Magariba, lokacin da yara sun tashi. Mu uku ne muka ɗauki nauyin abin: ni, da na daɗe a ofishin biyan albashi na wani kamfani a Tema, Hajiya, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, sai ɗan ƙanwata da ya gama hidimar ƙasa bara, shi ke riƙe da kwamfuta da firinta.

Da niyyarmu sai bayan ƙaramar Salla za mu fara. Gobarar Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra, ta ranar 2 ga watan nan ce ta sa muka gaggauta. Yaranmu da dama a can suke samun na abinci, wasu suna tsare wa iyayen gidansu rumfar gwanjo, wasu guga, wasu dako. Dare ɗaya suka wayi gari babu wurin zuwa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke da wata takarda da za ta nuna ya taɓa yin aiki a ko'ina.

Na faɗa musu sharaɗi biyu tun kafin su gyara zama. Ba ma karɓar ko sisi, kuma ba mu da aikin da za mu raba wa kowa. Wasu suka tashi da jin haka, ban kuma ga laifinsu ba, mai jin yunwa ba lacca yake nema ba. Waɗanda suka tsaya mun ce su zo mako mai zuwa da duk takardar da suka mallaka, ko da ta yage.

Asabar, 25 ga Janairu

Mako biyu muna duba takardu, kuma matsalar da ta fi kowace yawa ita ce ta suna. Yaro ɗaya, a takardar BECE ta gama ƙaramar sakandare an rubuta masa Mohammed, a ta WASSCE ta gama babbar sakandare Muhammed, a katin Gana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, kuma an sa sunan kakansa a gaba, nasa a baya. Wani Abdul-Rahman ne a makaranta, Dramani a takardar haihuwa. Wata kuma shekarar haihuwarta biyu ce, don lokacin sa ta a makaranta an rage mata shekara. A gida duk mutum ɗaya ne. Amma ma'aikacin da ke tace takardun mutum ɗari biyar ba zai buga maka waya ya tambayi dalili ba, gefe zai ajiye naka ya ɗauki na gaba.

Yanzu abin ya fi da tsanani. Tun 2021 lambar katin Gana ta zama lambar haraji, an kuma haɗa ta da lambar SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, sannan tun Yulin 2022 bankuna da ita suke aiki. Duk inda sunan ya karkace a kati, zai bi ka har asusun da za a zuba maka albashi. Gyaran kuwa sananne ne: a yi takardar rantsuwa a gaban mai ɗaukar rantsuwa, a buga a gazet ɗin gwamnati, sannan a ɗauka a kai inda ake son gyarawa. Yana cin kuɗi, yana cin lokaci. Shi ya sa nake ce musu a yi shi yanzu da babu wata sanarwar ɗaukar aiki a gaba, kada a bari sai ranar rufe fom ta rage kwana uku.

Wani dattijo mai sayar da goro, da ya rako jikansa, ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya nemi izinin magana. Ya tuna musu Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Ya ce da idonsa ya ga maƙwabtansa, wasu a nan aka haife su, suna sayar da gado da tukwane a wulaƙance don su samu kuɗin mota. Ya juya ga jikan ya ce, "Kai ɗan nan, a garin nan aka binne cibiyarka, amma ranar tambaya takarda za a ce ka kawo." Ajin ya yi tsit. Mun buɗe rajista ta masu buƙatar gyaran suna, za mu riƙa tura su rukuni-rukuni.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mun shiga rubuta CV. Yawancin waɗanda aka kawo mana a shagon intanet aka buga su, kuma kamar uwa ɗaya ta haife su: dogon Turanci a sama wanda mai takardar ba zai iya fassara shi ba, sai fili fayau a wurin da ake son ganin aikin da mutum ya taɓa yi.

Wata yarinya daga Maamobi ta bar wannan wurin babu komai. Na ce, "'Yata, tun da kika gama sakandare me kike yi?" Ta ce, "Babu komai, Kawu, Mma kawai nake taimaka wa." Da na bi diddigi, ashe ita ke tashi tun kafin asuba ta auna shinkafa da wake na waakye, ita ke zuwa sari ranar Laraba, ita ke sallamar 'yan aiki uku da yamma, ita ke karɓar kuɗin Momo, wato kuɗin da ake turowa ta waya, ta daidaita shi da na hannu, ita ke riƙe littafin bashi da na adashi. Shekara uku tana wannan. Muka zauna muka rubuta shi layi huɗu, da adadin mutanen da take kula da su da kimanin cinikin rana. Da ɗan ƙanwata ya buga ya miƙa mata, ta karanta, ta sake karantawa, ta ce ita ba ta san wannan ma aiki ba ne.

Haka masu koyarwa a makarantar Islamiyya: riƙe aji mai yara arba'in, da rajistar zuwa, da haƙurin iyaye, duk abin rubutawa ne. Haka harsuna. Yaron Nima yakan ji Hausa, Turanci, Twi da Ga, wani ya ƙara da Faransanci ko Larabci ko Zabarmanci, amma ba ya sa ko ɗaya a takarda, don yana ganin kowa ma ya iya. A Zongo ne kowa ya iya. Kamfanin da ke sayar da kaya ga 'yan kasuwar da ke zuwa daga Nijar, Togo da Burkina yana neman mai wannan bakin.

An yi muhawara kan adireshi. Wasu sun saba rubuta Kanda ko Kokomlemle maimakon Nima, don sun ce da an ga Nima ake canza fuska. Na san ana yin haka, ba zan ce musu ƙarya suke ba. Amma ban yarda mutum ya fara hulɗa da mai ɗaukarsa aiki da ƙarya ba, domin ranar da aka zo tabbatar da gida ko neman mai tsaya masa, ƙaryar ce za ta kore shi. Wanda ba ya so ya rubuta unguwa, ya sa lambar adireshin GhanaPost da lambar waya, ya wadatar. Lambar wayar kuma ta zama tasa, wadda shi zai ɗauka da sallama, ba ta yayansa da ke Kumasi ba.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, mun mayar da zaman zuwa safe, mutane kuma sun ragu. Na rubuta a allo cewa daga 1 ga watan nan mafi ƙarancin ladan yini ya tashi daga sidi 18.15 zuwa 19.97. Ko kwana talatin cur mutum ya yi, bai kai sidi 600 ba, kuɗin da torotoro, wato motar haya, da abincin rana za su cinye kafin a zo maganar haya. Na faɗa musu wannan ƙasan doka ne, wanda aka biya ƙasa da shi an zalunce shi, amma kada wanda ya je neman aiki ya ɗauka daga nan ciniki yake farawa.

Asabar, 12 ga Afrilu

An yi Salla lafiya, aji ya sake cika. Mun fara gwajin intabiyu: ni da Hajiya a bayan tebur, mai neman aiki ya yi sallama ya shigo, sauran suna kallo.

Abin da muka gani tarbiyyarmu ce da kanta. Mun koya wa yaranmu kada su kalli babba cikin ido, kada su ɗaga murya a gabansa, kada su yabi kansu. Tarbiyya ce mai kyau, ba na fatan ta ɓace. Sai dai wanda ke zaune a ofis a Airport City, idan ya ga saurayi ya sunkuyar da kai yana amsawa da kalma ɗaya, zai ɗauka bai san aikin ba ne ko yana ɓoye wani abu. Wani yaro mai gyaran waya, wanda ya shekara biyar a Circle, matattarar masu gyaran waya, Hajiya ta tambaye shi me ya iya, ya ce, "Muna dai taɓawa." Ta ce, "Ɗana, ɗaga kanka. Waya nawa kake gyarawa a rana? Wace iri ce ta fi ba ka wuya, kuma yaya ka yi da ita?" Nan take bakinsa ya buɗe, ya yi bayanin yadda yake gano inda wuta ta tsaya a allon waya, har wanda bai san aikin ba ya fahimta. Ya iya, tambayar ce ba ta zo masa ta inda ya saba ba. Yanzu kowa sai ya zo da labari biyu na aikin da ya yi da hannunsa, ya faɗe su da ƙarfi har su zauna masa a baki.

Mata sun tambayi maganar musafaha da hijabi. Hajiya ta nuna musu: ki riga shi gaisuwa, ki ɗora hannu a ƙirji, ki saki fuska, yawancin mutane nan take suke ganewa. Hijabi kuwa, ra'ayinmu ɗaya da ita, a je intabiyu yadda za a riƙa zuwa aiki. Tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, sashe na 14 na Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, kuma ya hana nuna wa mutum bambanci saboda addini ko ƙabila ko jinsi. Ba kullum dokar ke isa cikin ɗakin intabiyu ba, amma gara mutum ya san da wa zai yi aiki tun ranar farko.

Sallar Juma'a ce ta fi ɗaukar lokaci. Shawarata: kada a buɗe intabiyu da ita, kada kuma a yi shiru sai Juma'ar farko mutum ya ɓace awa biyu. Lokacinta shi ne bayan an ce an ɗauke ka, kafin ka sa hannu. Ka kuma zo da mafita a hannu: zan haɗa da hutun rana, zan rama da yamma, ko zan riƙe wa abokin aikina Kirista safiyar Lahadi shi ya riƙe mini azahar ta Juma'a. Manaja ya fi saurin amincewa idan ya ga aikinsa ba zai tsaya ba.

Asabar, 17 ga Mayu

A Afrilu gwamnati ta ƙaddamar da shirin Adwumawura na tallafa wa matasa su kafa kasuwanci a Kumasi, da shirin koyon sana'a na ƙasa a Tamale. Ɗan ƙanwata yana taimaka wa masu so su cike fom.

Amma yau maganar furotokol, wato gurbin aikin da ake cewa ana samu ta hanyar manya, ce ta cinye zaman. Wata uwa ta zo da kuka, ta sayar da sarƙarta ta tura wa wani mutum kuɗi ta Momo, wanda ya ce yana da gurbi a ɗaya daga cikin ayyukan kaki, har ya turo takarda mai tambari ta WhatsApp. Yanzu layinsa a kashe. Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne ta hanyar ɗan unguwa aka haɗa su, shi ma kuma ya yarda ne da gaske. Mun saba da cewa aiki sai da hanya, mazambata kuma da wannan imanin namu suke cin abinci. Mun sa ta adana saƙonnin da lambar da ta tura wa kuɗin, ta kai ƙara wurin 'yan sanda, ta kuma kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet. Ban yi mata alkawarin kuɗin zai dawo ba.

Alamomin da muka rubuta a allo kaɗan ne: aikin da aka ba ka ba tare da an gan ka ba, kuɗin da za a tura wa lambar mutum ɗaya, da gaggawar "yau ake rufewa, kada ka gaya wa kowa". Na ƙara da maganar tafiya ƙasashen Larabawa aikatau, don 'yan mata uku sun tambaya. A 2017 gwamnati ta dakatar da kai 'yan aikin gida ƙasashen Tekun Fasha saboda yawan koke-koken cin zarafi. Duk dillalin da ya ce zai kai mutum waje, a nemi ganin lasisinsa na Sashen Ƙwadago, a karanta kwantiragin a nan gida tare da wanda ya iya karatu, kuma wanda ya ce za a bi da ke ta Lome ko Kwatano a ɓoye, kin riga kin ji amsarki.

Asabar, 21 ga Yuni

Wannan ce matsala mafi wuya da ta zo mana zuwa yanzu, kuma ba wuyar doka ba ce.

Yarinya ce mai zuba mai a wani gidan mai. Wata tara tana aiki, daga shida na safe zuwa shida na yamma, babu takardar ɗauka, babu takardar albashi. Duk ƙarshen wata sai a ce lissafi bai cika ba, a raba giɓin a kan duk 'yan aikin, a cire daga albashinsu ba tare da an nuna musu littafi ba. A watan jiya kusan kashi ɗaya cikin uku aka cire mata.

Ta fuskar doka maganar a fili take. Sashe na 12 na Dokar Ƙwadago ya ce aikin da ya kai wata shida dole a rubuta kwantiraginsa. Sashe na 13 ya ba mai ɗauka wata biyu ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikin a rubuce. Sashe na 33 ya sa awa 8 a rana ko 40 a mako, abin da ya haura ƙarin lokaci ne mai ladansa. Sashe na 75 ya ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere wurin mutum ɗaya, a ɗauke shi kamar na dindindin. Cire kuɗi saboda asara kuwa, sai an nuna a fili cewa wannan ma'aikacin ne ya jawo ta, an ba shi damar kare kansa, kuma abin da aka cire bai wuce asarar ba.

Wuyar ita ce mai gidan man Alhaji ne da iyalinta suka sani, kawunta ne ya roƙa mata aikin bayan sallar Juma'a. Da ta ce a gida za ta nemi takarda, mahaifiyarta ta ce, "Mutum ya rufa mana asiri, ke kuma za ki ce ba ki yarda da shi ba?" A nan ne yawancin yaranmu suke maƙalewa. Aikin da aka samu ta hanyar mutunci, ana ganin neman haƙƙi a cikinsa butulci ne, sai a yi ta haƙuri har ranar da za a yi baram-baram, zumuncin da ake tsoron ɓatawa ya ɓaci gaba ɗaya.

Malamin da ya ba mu aji yana zaune a baya yana ji. Shi ya tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashi a tsakaninsu, ƙarami ko babba, su kafa shaidu. Ya ce ladan ma'aikaci bashi ne a wuyan mai aiki har ya biya, kuma Sahabbai aka fara yi wa wannan umarni, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Na ga fuskar yarinyar ta sake. Da wannan hujjar za ta iya komawa wurin mahaifiyarta, abin da lambar sashe ba za ta yi mata ba.

Abin da muka tsara: ta sayi ƙaramin littafi, kullum ta rubuta lokacin shiga da fita, da lambar mitar famfonta a farkon aiki da ƙarshensa, wanda ya karɓe ta ya sa hannu. Ta adana saƙonnin Momo na albashi. Mun rubuta wasiƙa gajera mai ladabi, ta fara da godiya, ta roƙi takardar ɗauka da ganin lissafi kafin a cire kuɗi. Kawun da ya samo aikin shi zai kai, tare da Malam. Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa tana nan idan abin ya ƙi, na kuma gaya mata haka, amma ba da ita za a fara ba.

Asabar, 2 ga Agusta

Labarin gidan mai: Alhaji ya ɓata rai da farko, daga baya ya ba da takardar ɗauka, ba ita kaɗai ba, har sauran. An daina raba giɓi a kan kowa, yanzu famfo-famfo ake lissafi. Awa goma sha biyu tana nan yadda take, kuma maganar SSNIT ya ce a ba shi lokaci. Ba mu rufe fayil ɗin ba.

Yau SSNIT ɗin muka yi, fagen da na fi sani. Ƙarƙashin dokar fansho ta 2008, mai lamba 766, ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga ainihin albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 13, jimla 18.5. Kashi 13.5 na tafiya SSNIT, kashi 5 zuwa mataki na biyu da kamfanonin fansho ke juyawa. Sai mutum ya tara wata 180, wato shekara 15, kafin ya cancanci fansho na wata-wata, kuma da matsakaicin albashin shekaru uku mafi tsoka ake lissafa shi.

Abu biyu na roƙe su su riƙe. Na farko, ganin an cire a takardar albashi ba ya nufin an kai. Wani direba da ya haura hamsin ya je ya karɓo bayanin asusunsa bayan zamanmu na makon jiya, ya tarar shekaru huɗu babu ko wata ɗaya da aka zuba, alhali ana cire masa. Yanzu ya kai ƙorafi, kuma tsofaffin takardun albashin da matarsa ta adana a cikin akwatin kayan aurenta su ne hujjarsa. Kowa ya ɗauki katin Gana ya je ya duba nasa, ko sau ɗaya a shekara. Na biyu, a kula da yadda aka raba albashi. Wasu wuraren sukan sa ainihin albashi ya zama ɗan kaɗan, sauran a kira shi alawus, saurayi yana murna kuɗin hannunsa ya yi yawa, bai san fanshonsa ake yankewa ba.

Asabar, 6 ga Satumba

Masu sana'ar hannu sun fara zuwa: masu walda, masu wayarin, teloli, wani makanike daga Kokompe. Damuwarsu ɗaya, sun iya aiki, masta ya yaye su, amma kamfanin gini ko masana'anta na tambayar satifiket. Hukumar CTVET, mai kula da ilimin fasaha da sana'a, tana da tsarin gwada wanda ya koyi sana'a a wurin masta ta ba shi shaida a kan abin da ya riga ya iya. Mun fara tattara sunayen masu so. Kafin nan, kowa ya riƙa ɗaukar hoton aikinsa kafin da bayan gamawa, ya kuma roƙi masta wasiƙar shaida tun ana shiri.

Asabar, 4 ga Oktoba

Hajiya ta nemi a ware wa mata rabin awa su kaɗai, kuma tun da aka fara, abin da ba a faɗa a gabana yana fitowa. Da izinin mai maganar nake rubuta wannan, ba tare da komai da zai nuna ta ba. Mai kula da sashensu ya matsa mata da saƙonnin dare da taɓa jiki, da ta ƙi sai ya mayar da ita aikin dare.

Doka ta san wannan laifi da sunansa. Sashe na 15 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci damar ajiye aiki saboda shi, sashe na 63 kuma ya ce idan ta yi ta kai ƙara mai aiki bai ɗauki mataki ba har ta bari, ana ɗaukarsa korar zalunci. Shi ya sa ƙarar take son zama a rubuce, da kwanan wata, a riƙe kwafi, kada a goge saƙo ko ɗaya. Akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, akwai sashen DOVVSU mai kula da waɗanda aka ci zarafinsu, na 'yan sanda. Hajiya ta ce za ta raka ta duk inda ta zaɓa.

Ta zaɓi ta bar aikin shiru. A gida an ce mata idan magana ta fita, sunanta ne zai ɓaci a unguwa, ga maganar aurenta ta taso. Ba mu matsa mata ba, ita ce za ta zauna da abin da zai biyo baya. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, don mutumin yana nan a kujerarsa, wata 'yar kuma za ta maye gurbin. Mun taimaka mata ta ba da notis na mako biyu kamar yadda sashe na 17 ya tanada ga wanda bai kai shekara uku ba, don kada a riƙe mata albashin ƙarshe. Saƙonnin suna nan a ajiye wurin Hajiya, ko za ta sake shawara.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga wata, mutum shida suka rasu a turmutsitsin tantance masu neman shiga soja a filin wasa na El-Wak, nan kusa da mu. Yaranmu biyu suna wurin, Allah ya kuɓutar da su, ɗaya da targaɗe a ƙafa. Ba mu yi darasi ba yau. Malam ya yi addu'a, muka bar su suka yi magana.

Ɗayan ya ce tun cikin dare ya isa, ya tarar da layi ya riga ya yi nisa. Na tambaye shi me ya sa soja, shi da ya iya wayarin. Ya ce, "Kawu, can ne kawai na san ƙarshen wata zai zo da albashi, in na tsufa kuma akwai fansho." Ban sami abin da zan ƙara masa ba. Abin da dubban matasa suka yi cincirindo a kansa ke nan, kuma shi ne abin da shagunanmu da garejinmu da gidajen manmu na Zongo ba sa bayarwa, ko da suna da halin bayar da wani abu daga ciki.

Asabar, 13 ga Disamba

Saboda haka muka juya wajen masu ɗaukar aiki na cikinmu. Mun tsara takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, Turanci a gaba, Hausa a baya: sunan mai aiki da na ma'aikaci kamar yadda suke a katin Gana, ranar farawa, irin aikin, albashi da ranar biya, awannin aiki da lokacin salla, tsawon lokacin gwaji, hutu, notis, sai wurin sa hannun shaidu biyu. Ranar Lahadin da ta wuce mun zauna da wasu masu shaguna, da mai gidan burodi, da wata Hajiya mai shagon ɗinki.

Albashi, ranar biya da notis, babu wanda ya yi gardama, wasu ma sun ce zai kare su daga yaron da ke tafiya ba sallama ana tsakiyar cinikin Salla. Inda aka tsaya shi ne hutun shekara na kwana 15 na aiki, da hutun haihuwa na mako 12, da kashi 13 na SSNIT. Mai gidan burodi ya ce da kuɗin fulawa da na wuta a yadda suke, in ya ɗauki wannan duka sai ya rage mutum biyu. Na yarda da gaske yake faɗa. Na ce masa waɗannan ba ni na ƙirƙiro su ba, doka ce, kuma ba za mu buga takardar da ta cire su ba. Na ɗauki alkawarin zama da shi mu duba lissafinsa tare, mu ga abin da zai yiwu da ma'aikatan da suka fi daɗewa, tun da daga 1 ga Janairu ma mafi ƙarancin ladan yini zai koma sidi 21.77.

Mutum uku sun karɓi takardar su gwada. Limamin masallacinmu ya amince zai taɓo haƙƙin ma'aikaci a huɗuba kafin azumi, wanda ake sa ran zai kama bayan tsakiyar Fabrairu. Rukuni na gaba na masu gyaran suna zai tafi ranar Talata, kuma firintarmu tana neman tawada. Zama na gaba 10 ga Janairu, bayan La'asar, in Allah ya kai mu.